Firji a Agege

Tun asuba rigata ke manne da bayana.
Zafin garinmu gasa mutum yake, ya bar shi a bushe.
Na Legas turara shi yake, a rufe,
kamar dambu a madambaci.

Kwana huɗu ba wuta a layinmu.
Firjin da na ci bashi na saya ya koma akwati.
Zoɓo ya yi tsami, kunun aya ya kumbura gora,
na tuttular da jarin mako guda a kwata,
ƙudaje suka zo yi mini jaje.

Barau ya kira daga Ƙauran Namoda.
Ya ce, Yaya, jiya kurciya ta faɗo daga kan darbejiya
da tsakar rana, baki buɗe.
Guga laka take ɗebowa.
Sau biyu ana fita roƙon ruwa,
iri yana nan ɗaure a buhu, Baba yana shafa shi kullum.
Ya ce, ku fa?
Kuɗin wayarsa ya ƙare kafin in samo amsa.

Da la'asar iska ta tsaya cik.
Iya Ronke mai gasa masara ta dubi wajen teku,
ta fara kashe garwashinta, ba ta ce wa kowa komai ba.
Sama ta yi gindin tukunya.
Tsawar farko ta sa motocin layi kuka gaba ɗaya,
ta biyu ta cusa Mansura cikin zanena.

Sai ruwa.
Kwata ta cika, ta amayo duk abin da aka ba ta,
har gorunana suka dawo ƙofa suna yawo.
Danfo ya mace a tsakiyar titi,
fasinjoji sun sauko, takalma a hannu, wando a naɗe,
kwanon shagon mai walda ya tashi ya sauka a masallaci.
Da ruwan ya kai mana idon sawu a ɗaki
muka ɗora katifa da buhun shinkafa kan firji.
Yau dai ya yi rana.

Mansura ta ce malaminsu ya nuna musu a taswira,
da nan da Ƙaura duk ƙasa ɗaya ce,
tsakaninsu bai kai tafin hannunta ba.
Na tuna motocin shanu da ke saukewa a Oko Oba,
kwana biyu suke yi a hanya,
wasu su koma wayam.
Da hadari yana loduwa, da na biya kuɗin mota.

Ƙarfe biyun dare aka kawo wuta.
Unguwa ta ɗauki ihu.
Ni ina tsaye cikin ruwa, filogi a hannu,
na kasa jonawa.

Gari ya waye, rana ta fito da wankakkiyar fuska,
titi yana tururi.
Kafin in gama kwashe laka da faranti
rigar ta sake mannewa.