Inda Ba a Fasawa

Shekara ashirin da shida ina fasa dutse.
Guduma ta san tafina fiye da yadda matata ta san shi.
In na dubi tsauni, tifa nake ƙirgawa:
wannan goma, wancan arba'in,
na can nesa sai an kawo nakiya.

Ranar Asabar sai Kubura, autata, ta ce,
Baba, sa takalminka na roba,
yau zan kai ka inda ba a fasawa.

Muka sauka a Laminga da sassafe,
raɓa ta jiƙa mini wando har gwiwa.
Shingen ƙerana, gonar acca,
wani kare mai haushin ganin dama,
sannan mai gadi, Izang,
siririn mutum da ɗan littafi a aljihun gaba.
Ya ce ba wuta, ba gatari, ba danƙo,
abin da ka tarar ka bar shi a mazauninsa.
Na ce, ko tsakuwa?
Ya ce, ko tsakuwa.
Na yi dariya. Shi bai yi ba.

Da farko kwari muka gangara,
duhun itatuwa, ƙamshin ganyen da ya ruɓe,
ruwa yana magana ƙarƙashin saiwoyi
bai yarda mun ga fuskarsa ba.
Daga nan hawa.
Gwiwata ta dama ta soma karanto mini shekaruna.

A kan wani fako muka iske shi:
ƙaton dutse zaune bisa ɗan ƙaninsa
kamar tulu a kan gammo,
ba siminti, ba tokara, ba wanda ya ɗora.
Na zagaya shi sau biyu ina neman jijiyarsa,
don kowane dutse yana da inda yake jin tsoro.
Na kuwa same ta, siririyar tsaga ta gefen gabas.
Wuta ta kwana ɗaya, guduma bakwai, ya buɗe.
Na sa yatsa ciki.
Ashe da masu gida:
saiwar ɓaure ta riga ni shiga,
rema ya leƙo daga sama ya harare ni
irin hararar mai unguwa ga baƙon dare.

Kubura ta dafa kafaɗata. Kada ka motsa.
Wani ɗan tsuntsu, bai kai babban yatsana ba,
ja kamar garwashin da aka hura,
ya sauka, ya tsinci abin da ya tsinta, ya tafi.
Ta ce safiya huɗu tana jiransa.
Hannunta na rawa tana rubutawa.
Ni ban taɓa jiran abu kwana huɗu ba
in ba kuɗin lodi ba.

A ƙololuwa iska ta ƙwace mini hula, Izang ya cafe.
Ga Jos can a shimfiɗe, kwanon gidaje na walƙiya,
tsoffin tafkunan kuza sun zuba wa sama ido.
Can gefe, a jikin wani tudu, farin tabo
kamar inda aka gatsa a jikin gurasa.
Ba wanda ya nuna mini. Na gane cizona.

Ban ce na tuba ba.
Daga ramin nan littafin hannunta ya fito,
da takalminta, da madubin da take hangen tsuntsu.
Na dai zauna.
Dutsen yana da ɗumi kamar bayan saniya,
ban taɓa sani ba,
don ban taɓa zama a kan dutse
ba tare da ina shirin tashinsa ba.

Da dare ina cire takalmi
sai ga 'yar tsakuwa ta faɗo, ruwan toka, mai ƙyalli.
Wallahi ban ɗauko ta ba, ita ta biyo ni.
Kubura ta ce, to Baba, ka ci amanar Izang,
sai ka mayar.

Tana nan bakin taga.
Litinin zan koma aiki, akwai tifa uku da ke jira.
Asabar kuma, in gwiwa ta yarda,
ina da saƙon da zan kai.