Kukar Jatau

In ka bar Daura ka nufi gabas,
ka wuce gadar da ruwa ya cinye bara,
za ka hangi kuka mai kogo a ciki.
Nan ne garinmu. Sauka, ka huta da tafiya.

Jatau maharbi ne, in ji Barmo maƙeri,
barewa ya biyo ta ɓace masa a nan,
ƙishi ya sa shi tonon gindin kukar.
Makau na marina ya ce sam:
bafatake ne, jakinsa ya gurgunce,
ya zauna jinya har ya tara zuriya.

Shekara arba'in suna wannan musu
a tabarma ɗaya, goro ɗaya a raba biyu.
Ran da aka kai Makau, Barmo bai hura wuta ba,
ya ce, “To wa zai ƙaryata ni gobe da safiya?”

Ramukan marina sha bakwai ne.
Kakata Tabawa ta ga Buzaye
suna durƙusar da raƙuma don baƙin zane,
hannun kowane namiji shuɗi har gwiwar hannu.
Yau ɗaya ke da baba.
Sauran sun cika da toka da leda,
zabi na ƙwai a na kusa da tsamiya.

Ga sikelin gyaɗa can ya yi tsatsa,
yara na hawa su auna kansu,
har yanzu yana rage musu nauyi
kamar yadda ya yi wa kakanninsu,
bai taɓa koyon gaskiya.

Ba ma ƙidaya da lamba a nan.
An haifi Nomau shekarar fara,
an yi makaranta shekarar da rumbuna suka ƙone,
Delu ta fara adashi da ahu
shekarar da guga ya dawo da yashi daga rijiya.

Laraba kasuwa. Tunau mahauci
yana rantsuwa bai ci riba ba tun yana saurayi,
ga shi da shanu tara a Zango.
Wanzami na aski yana rarraba labari,
kafin la'asar kowa ya san wanda ya ci bashi,
da wanda ya kira gayya bai dama fura ba,
da wanda gonarsa ke matsawa da dare
tana cin iyakar maraya.

Da magariba samari na taruwa wurin Iro mai shayi,
wayoyi ashirin a jone da faifan sola,
rabinsu na lissafin kuɗin motar Legas.
Maƙabarta ta fi garin faɗi yanzu,
ita kaɗai ce ba a barinta a tafi duniya.

Ni aka ba littafi in rubuta tarihin,
don ni ke koyarwa a aji huɗu.
Na je wurin Barmo da biro.
Ya daɗe yana kallon gefen tabarmar,
sannan ya ce, “Rubuta bafatake ne.
Jakinsa ya gurgunce.”
Na rubuta, hannuna na rawa,
ya miƙo mini rabin goro, ya juya ƙeya.