Mai Kwasar Gishiri a Aveiro

Shekara talatin ina kwasar gishiri a bakin teku,
ban taɓa lasar abin sayarwa ba
sai bazarar nan.
Na riƙa dumbuza ina watsawa a baki
kamar akuya ta samu kanwa.

Amílcar ya ce rana ce ta ƙona ni.
To, rana ta taɓa shiga dasashi?
Ita ta baƙanta layukan tafina
da tsohon tabon wuƙar kifi?

In na miƙe, teku ya karkace.
Siket ya yi mini yawa.
Maƙwabta suka ce kewar ɗana ce.

Ranar da na faɗi cikin ruwan gishiri
likita Graciete ta zana ƙoda biyu a takarda,
ta ɗora wa kowacce 'yar hula.
"Waɗannan ne suka yi shiru, Deolinda.
Jikinki ne ya far musu, bai gane nasa ba."

Yanzu kafin ƙararrawar coci ta buga shida
na haɗiye ƙwayar farko.
Ta rana tana aljihu.
In zazzaɓi ya zo, in ninka.
In amai ya hana ta zama, sai allura,
ba a jiran gari ya waye.

Amílcar, mai tsoron jini,
a jikin lemo ya koyi sokawa.
Lemo bakwai ya ɓata.

Awarwaron hannuna na ɗauke da sunan ciwon.
Jiya jikata ta ce, ado ne?
Na ce mata i,
na ɗauki manjagara na koma.