Layukan Gawayi

A bangon ɗakina akwai layuka goma sha ɗaya.
Gawayi ne, ni na ja su.
Likita ta ce, kullum da safe
ki sa yatsunki su hau bango kamar ƙadangare,
inda suka gaji, ki yi alama.

Layin farko bai kai kafaɗata ba.
Ranar na yi kuka, ba don zafin ɗinki ba,
don kabbara ce:
hannun dama ya isa kunne,
na hagu ya toge a hanya
kamar jakin da ya hango rafi.
Inna Kande ta ce, ke tela ce, shi ya sa,
Allah ba da tef yake auna kabbara ba.

Lamingo, duk Talatar uku, ɗakin ƙarin ruwa.
Maganin ja ne jawur,
har yau in na ga zoɓo sai zuciyata ta tashi.
Kusa da ni Ngo Chundung ce, daga Vom,
takan zo da gwate a kula,
mu buɗe, mu shinshina, mu rufe,
mu yi ta dariya da bakin da ba ya jin gishiri.
Ita da littafinta, ni da carbina,
ƙarfe ɗaya ke riƙe da ledojin ruwanmu.
A zuwa na biyar kujerarta ba kowa.
Ban tambaya ba.
Nas ɗin ma ba ta yarda mun haɗa ido ba.
Kular na wurina, na wanke ta, ban san wa zan mayar wa ba.

Gashina ya zube tun kafin a tura ni Abuja gashi,
kalma ɗaya, wuta biyu.
Ɗayyabu ya sayar da filinsa na Rikkos,
ya ce dama duwatsu ne,
alhali na san inda ya so ya dasa falo.

Wanda aka cire shi Barira ta fi so,
shi ne mai ruwa, shi ya goya huɗu.
Ban yi masa sallama ba,
barci aka sa ni, na farka ƙirji ya karkace.
Masu dubiya idonsu kan riga bakinsu isa,
ya sauka nan, sannan a ce sannu.

Ba zan ɓoye ba, na tambaya.
Cikin dare, ƙanƙara na dukan kwano,
na ce ya Rabbi, me ya sa ni?
Amsa ba ta zo ba.
Asuba ce ta zo, da ladanin Unguwar Rogo mai tari,
sai na tashi na ɗora ruwan alwala.

Shekara ashirin ina auna ƙirjin mata,
yanzu na ɗinka wa kaina aljihu a cikin riga,
na cusa ƙyallayen da suka rage daga atamfofin mutane.
Ina yawo da guntun bikin kowa a kan zuciyata,
ba wanda ya sani.

Bayan wata shida zan koma a duba.
Tsoron bai tafi ba, ya dai koyi zama a bakin ƙofa.
Gashin ya dawo, fari-fari, mai laushi kamar na jariri.
Jiya na je Farar Gada da ƙafata,
na yi cinikin kabeji har mai kayan ya ji haushi.

Yau da asuba manyan yatsuna biyu sun taɓa kunnuwa.
Ban ma lura ba
sai da na sallame.

Ɗayyabu na so ya shafe bangon da fenti kafin salla.
Na ce ya fara da tsakar gida.
Wannan a bar mini shi,
akwai sauran gawayi.