Bayan Fom

Fom ya iso daga Birnin Kebbi ran Talata,
a jakar mai babur, gefe guda ya jiƙe.
Shafi huɗu, gurabu ƙanana kamar gidan dara,
an ce in cike da biro, kada in tsallake layi.

Azuzuwa nawa? Na rubuta shida.
Ban yi ƙarya ba, gini shida ne,
biyu ke da rufi.
Na uku iska ta yaye shi shekarar da aka haifi Jabbi,
ga Jabbi yanzu shi ke buga mana ƙararrawa,
tsohon ƙarfen taya a reshen dogonyaro.

Malamai nawa? Takardar albashi ta ce bakwai.
Uku na sani da fuska.
Huɗun ban taɓa jin tarinsu ba, balle sallama.
In na rubuta uku, a ce na zubar wa wani tuwo,
in na rubuta bakwai, wa zai shiga aji biyar gobe?

Sai tambayar kwamfuta. Akwai, goma sha biyu.
Sun zo bara da makaɗa da dogon jawabi,
suna sito cikin kwalayensu, gara na yi musu gadi.
Turakun wuta sun tsaya can bakin kwalta.
Da an tambaye ni, alli zan roƙa,
da makewayi mai ƙyaure,
don 'yan matan aji shida su daina tafiya gida da hantsi
ba su dawo ba.

Na duba har ƙarshe, ban ga gurbin gulbi ba.
Wanda ya zana jadawalin nan
bai taɓa tuɓe takalmi ya ɗora littafi a ka ba.
In ruwa ya cika fadama, rabin rajistata na ƙetare,
sai kwalekwalen Arzika, shi ma in bai tafi su ba.
Jarrabawa kuwa an dasa ta tsakiyar yankan shinkafa,
sa'ad da kowane hannu a Tungar Nomau ke da lauje,
har hannun da nake koya wa riƙon fensir.
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo,
amma ba a tambayi mai ɗaki ba,
fom aka aiko masa.

Akwai abin da nake son faɗa, ba shi da gurbi.
Ran kasuwa Tumba 'yar aji huɗu
ta raka babanta sayen maganin feshi.
Ta ɗaga kwalbar, ta bi baƙaƙen da yatsa
kamar mai tsince tsakuwa a faifai,
ta ce, "Baba, wannan ya lalace tun bara."
Mai shago ya kama tari. Uban ya mai da kuɗinsa aljihu.
Washegari sai ga shi da katako da ƙusa,
bai ce uffan ba, ya gyara benci uku ya tafi.
Malama Hajo ce ta koya mata,
ita da ta shekara tara ba a ƙara mata mataki ba.

Sai na juya fom, bayansa fari fat, na rubuta:
Ranka ya daɗe mai tsarawa, ka zo da damina.
Kada ka sanar, don za mu yi shara, mu aro yara.
Ka zauna a ƙasa, can layin baya,
ka ji ko muryar malami na kaiwa.
Ka ɗaga jarrabawa mako biyu.
Ka biya wanda ya zo.

Mai babur na ta danna ham.
Tawada ta fara narkewa ta gefen da ya jiƙe,
ban kuma san ko a ofis ana juya takarda ba.
Jabbi ya buga ƙarfe.
Alli ɗaya ya rage a aljihuna,
na karya shi biyu, na miƙa wa Malama Hajo babban.