Ƙyauren Hagu

Mako bakwai ina girki a baranda,
a kan ɗan risho mai kai ɗaya,
tsuntsayen teku na leƙen tukunyata
kamar da kuɗinsu aka sayo kifin.
Kwanuka a bahon wanka nake wanke su.
Gishiri na cikin kwalin takalmi,
man zaitun na ƙarƙashin gado.

Ranar Talata motar ta iso,
ta toshe ɗan siririn layinmu na Porto.
Samari biyu, kwali tara, bene hawa huɗu,
matakala sittin da takwas, gwiwata ta san adadinsu.
A hawa na uku na ji ƙarar.
Ba babba ba ce,
kamar an karya busasshen burodi.
Na leƙa, ƙaramin ya ce, "Ba komai, Dona Graciete,"
yana share gumi da hularsa.
Na ba su ruwan sanyi,
na sa hannu a takarda ban karanta ba.
Wannan sa hannun shi ya ci ni.

Washegari Custódio kafinta ya farke kwalayen.
Na ɗaya lafiya, na biyu lafiya,
har na fara raba wa tukwane ɗakuna a raina.
Na shida ne ya zo da labari:
kusurwa ta lotsa,
durowa ba gindi,
ƙyauren hagu ya tsage tun daga sama har cibiya.
Custódio ya zaro fensir daga bayan kunne,
ya dube shi, ya mayar.

Na kira kamfani.
Minti ashirin da biyar suna yi mini kiɗa,
sannan wata yarinya mai murya kamar zuma:
"Kin ɗauki hoto kafin ki buɗe?"
Na ce, 'yar nan, wa ke ɗaukar hoton kwali?
"Kin sa hannu?"
Na sa.
Shirun da ta yi ya fi tsagar tsawo.

Jikata Matilde ta ɗauki hotuna shida,
ta ce in nuna wurin da yatsa.
Yanzu yatsana yana wani ofis a Lisbon,
yana jiran layi.

Tsohon kabad ɗin, Adelino ne ya haɗa shi
shekarar da muka yi aure.
Shekara arba'in da ɗaya yana tsaye,
ƙwari na cinsa ta ciki, bai taɓa ƙorafi ba.
A bayan ƙyaurensa yake rubuta
ranar da aka canja tukunyar gas,
layi bisa layi, da fensir,
har zuwa watan da hannunsa ya daina.
Ni na ce a fitar da shi.
Ina tsaye aka sauko da shi guntu-guntu,
ban ce a bar mini ƙyauren ba.
Kunya na ji, gaban yara.

Kwana goma sha tara, sabon ƙyaure ya iso,
sumul, ko ƙwarzane babu.
Custódio ya ɗaga shi, ya juya, ya sake juyawa.
Na dama ne.
Muka yi dariya har na zauna a kan bokitin fenti,
har maƙwabciya ta buga bango.

Daren nan ya ɗura wa tsagar gam,
ya ɗaure ta tamau, ya ce kar in taɓa sai gobe.
Da safe ya goge, ya shafa, ya ɗora.
Saura ɗan layi kamar silin gashi,
sai rana ta faɗo ta taga ake ganinsa.

Kamfani sun ce na uku yana hanya,
wata mai zuwa, ko na bayansa.
Su zo a hankali.
Na damar yana baranda, na ɗora masa tukwanen fure.

Jiya gas ya ƙare ana tsakar miya.
Da aka kawo wani, na buɗe ƙyauren hagu,
na ari fensirin Custódio.
Rubutuna bai kai nasa kyau ba,
ya ɗan karkace wajen tsagar.