Littafin da Nibaldo Ya Bari

Wana Nibaldo bai bar gida ba, bai bar fili ba,
kwalekwalen ma na haya ne.
Ya bar mini kare, tsoho, mai furfura a haɓa,
da ɗan littafi mai ƙarnin kifi,
bangonsa ya sha ruwan teku har ya kumbura.

Shafin farko: Sunansa Boldo.
Kada ki yi masa tsawa. Kunnen hagu ya mutu,
na dama kuwa ba abin da ke wuce shi.

Ni da ko kaza ban taɓa kiwo ba.

Shafi na biyu, abinci.
Kofi ɗaya da safe, rabi da almuru.
Kifi a cire ƙaya, a bi da yatsa sau biyu.
Ƙashin kaza, a'a. Albasa, a'a. Inabi, a'a,
ko da zai zuba miki idanun nan nasa
kamar wanda rabonsa da ci tun bara.
Ƙarƙashin cakulan ya ja layi uku
har biron ya huda takarda.

Valparaíso gari ne da aka rataye a jikin tudu.
Daga ƙofata zuwa titi matakala ɗari da sha biyu,
ban taɓa ƙirgawa ba sai da Boldo ya koya mini.
A ta talatin yakan tsaya,
a ta saba'in ya zauna, ya dubi teku,
ƙugunsa na rawa kamar tsohuwar kujera.
Nakan tsaya ni ma. Gwiwata ba ta taɓa yin ƙorafi ba.

Likita Ximena ta ɗora shi a sikeli,
ta ɗaga leɓe ta leƙa haƙora,
ta shinshina kunne, ta latsa ciki.
Ta ce, nauyi ne ke cin gaɓoɓinsa, a rage kilo biyu,
tafiya kullum, kaɗan kaɗan.
Sai ta dube ni ta saman tabarau.
Ba ta ƙarasa ba, na gane.

Ƙwayar ciwon gaɓa na tusa cikin cuku.
Ya cinye cukun tas,
ya ajiye mini ƙwayar kusa da ƙafata kamar tukwici.
Kwana tara muna wannan dara
kafin na ga a gefen shafi na bakwai, da fensir:
Cikin sardin, ƙanwata. Cuku ya daɗe da gano shi.

Yuni ya zo da sanyi da ruwa.
Na koyi share tsakanin yatsunsa da tawul,
na koyi bin bayan kunne ina neman kaska,
na koyi yanke farce ba tare da kai wa jini ba,
sai sau ɗaya,
ranar ni na fi shi kuka.

Wani dare ya ƙi abinci.
Hancinsa da danshi, jikinsa ba zafi, ruwa ya sha,
amma ya kwanta a bakin ƙofa
ya ɗora haɓa a kan takalmin robar Nibaldo.
Na juya littafin gaba da baya.
Akwai ƙuma, akwai tsutsar ciki, akwai ranar allura,
babu shafin wannan.
Na jawo bargo na zauna a ƙasa kusa da shi
har jiragen ruwa suka fara kiran asuba.
Da rana ta fito ya ci rabi. Ni ma na ci rabi.

Daga shafi na sha biyu takarda fara ce.
Na feƙe fensirin.
Na rubuta: Yanzu sai ta arba'in yake tsayawa.
Yana tsoron wasan wuta na sabuwar shekara,
a rufe taga, a kunna rediyo.
Takalmin nan kada a jefar.
In ya zauna yana duban teku, a ƙyale shi,
ba gajiya ba ce kullum.